BABI NA UKU: KABEWA DA 'YA'YANTA A MATSAYIN ABINCIN GINA ƘASHI A ƘASAR DUTSI

3.0 Shimfiɗa

Hausawa kan ce lafiya uwar jiki. Idan kuwa haka ne, to ƙashi shi ne ginshiƙin da jikin yake tsaye a kansa. Manomin da ya karye a farkon damina ya yi asarar noman shekara, haka kuma tsohuwar da ta faɗi ta karye a ƙugu da wuya ta sake miƙewa kamar da. A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana irin gudummawar da kabewa da 'ya'yanta suke bayarwa wajen gina ƙashi da kiyaye shi. Za a fara da bayanin ƙasar Dutsi da cimakar mutanenta, sannan a dubi ita kanta kabewar, daga nan a waiwayi abubuwan da ƙashi yake buƙata, domin a gano abin da kabewa take iya bayarwa da kuma wanda ba ta iya bayarwa.

3.1 Ƙasar Dutsi da Cimakar Mutanenta

Dutsi ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna a shekarar 1987. Tana cikin shiyyar Daura, kusa da Mani da Mashi da ita kanta Daura. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa akwai mutane kimanin 120,000 a cikinta. Mafi yawansu Hausawa ne da Fulani, kuma noma da kiwo su ne manyan sana'o'insu.

Ƙasar wannan yanki jigawa ce, daminarta kuma gajeruwa ce, domin yawanci ruwa yakan zauna ne daga watan Yuni zuwa Satumba. Saboda haka abubuwan da aka fi nomawa su ne gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Daga cikinsu ne ake samun abincin yau da kullum, wato tuwo da fura da kunu da koko. Ke nan hatsi shi ne kaso mafi girma na abin da mutum yake ci a yini, shi kuwa hatsi yana ba da ƙarfin aiki, amma yana da ƙarancin wasu sinadarai da ƙashi yake buƙata. Miya da nono da sauran abubuwan haɗi su ne suke cike wannan giɓi. A nan ne kabewa take da rawar takawa.

3.2 Kabewa: Suna da Asali

Kabewa tsiro ce mai yaɗo, mai faffaɗan ganye da fure ruwan ɗorawa. A wasu sassan ƙasar Hausa, musamman wajen Sakkwato, ana kiran ta kabushi. Ya kamata a bambanta ta da kuɓewa, domin sunayen sun yi kama amma tsirran ba su da dangantaka. Masana tsirrai suna kiran jinsinta da suna Cucurbita, kuma dangi ɗaya suke da duma da kankana da guna da gurji.

Asalin kabewa daga nahiyar Amurka ne. Masu binciken kayan tarihi sun tono 'ya'yanta a wani kogo da ke jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko, waɗanda aka ƙiyasta sun kai shekara 10,000. Bayan shekarar 1492, lokacin da jiragen ruwan Turawa suka fara kai-da-kawo tsakanin Amurka da sauran duniya, sai ta bazu zuwa Turai da Afirka da Asiya, kamar yadda masara da rogo da gyaɗa da barkono suka bazu. A yau ta zama 'yar gida a ƙasar Hausa.

A karkarar wannan yanki ba kasafai ake ware wa kabewa gona guda ba. An fi shuka ta a gefen gona ko a bayan gida, inda akwai taki, ta yi yaɗo ta hau danga ko rufin ɗaki. Takan nuna a cikin wata uku zuwa huɗu, sai a cire ta da kaka. Babbar falalarta ita ce jure ajiya. Kabewar da ta ƙosa, matuƙar ba a yi mata rauni ba, takan yi watanni a inuwa ba ta lalace ba, don haka ana samun ta har cikin rani, lokacin da ɗanyen ganye ya yi wuya. Da ita ake yin miyar taushe, wadda ake ci da tuwon shinkafa ko waina ko sinasir, ana kuma sa ta a fate. Su kuwa 'ya'yan, a gidaje da dama akan ɗebi na iri ne kawai, sauran a watsa wa kaji ko a zubar.

3.3 Ƙashi da Abubuwan da Yake Buƙata

Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206. Mutane da yawa suna ɗaukar ƙashi a matsayin abu busasshe kamar icce, alhali kuwa abu ne mai rai. A kullum wasu ƙwayoyin halitta suna rushe tsohon ƙashi, wasu kuma suna gina sabo, ta yadda a cikin kimanin shekara 10 kusan dukkan ƙashin jiki yakan sabunta. A lokacin ƙuruciya gini ya fi rushewa yawa, har zuwa wajen shekara 30 da haihuwa, lokacin da ƙashi yake kai iyakar ƙarfinsa. Daga nan sai al'amarin ya fara juyawa sannu a hankali. Ga mata kuwa, rushewar takan ƙara sauri bayan ɗaukewar haila.

Ana iya kwatanta ƙashi da ginin daɓe mai rodi a ciki. Rodin shi ne wani nau'in furotin da ake kira kolajin, wanda yake ba ƙashi juriya don kada ya tsage. Daɓen kuwa shi ne haɗin kalsiyam da fosfaras, wanda yake ba shi tauri. Ga manyan abubuwan da wannan gini yake buƙata:

(i) Kalsiyam: kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙora. Baligi yana buƙatar kimanin miligiram 1,000 a yini.

(ii) Fosfaras: kimanin kashi 85 cikin 100 nasa yana cikin ƙashi.

(iii) Maganisiyam: fiye da rabinsa yana cikin ƙashi. Sai da shi jiki yake iya sarrafa bitamin D ya yi aiki, sai da shi kuma ƙullin da ke wuya mai daidaita kalsiyam a jini yake aiki yadda ya kamata. Mace baliga tana buƙatar miligiram 310 zuwa 320 a yini, namiji kuwa 400 zuwa 420.

(iv) Zinki: yana taimaka wa ƙwayoyin da suke gina sabon ƙashi, ƙarancinsa kuma yana tauye girman yara.

(v) Furotin da bitamin C: da su ake ƙera kolajin.

(vi) Bitamin D: shi ne yake sa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. Fata ce take samar da mafi yawansa idan hasken rana ya taɓa ta.

Idan aka rasa waɗannan abubuwa, cututtuka biyu ne suka fi bayyana. Ta farko ita ce laushin ƙashi a wurin yara, wadda take haifar da gwame ko bakan ƙafa da kumburin wuyan hannu da jinkirin tafiya. Ta biyu ita ce zaizayar ƙashi a wurin manya, inda cikin ƙashi yake zama kamar iccen da gara ta ci. Ita wannan ba ta da wata alama sai ranar da mutum ya yi 'yar ƙaramar faɗuwa ya karye. Gidauniyar ƙasa da ƙasa mai kula da wannan cuta ta ƙiyasta cewa a duniya, mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 daga waɗanda suka haura shekara 50 za su gamu da irin wannan karaya.

3.4 Amfanin Tsokar Kabewa

Alƙaluman da za a kawo a nan da sashen da ke biye na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ne, kuma adadin yakan ɗan bambanta gwargwadon irin kabewa da ƙasar da aka shuka ta. A cikin giram 100 na ɗanyar tsokar kabewa, fiye da giram 90 ruwa ne. Akwai fotasiyam kimanin miligiram 340, da bitamin C miligiram 9, da kalsiyam miligiram 21, da maganisiyam miligiram 12.

Abin da tsokar ta fi shahara da shi shi ne karotin, wato sinadarin da yake ba ta launin ruwan ɗorawa, wanda jiki yake juya shi zuwa bitamin A. Ƙashin yaro yana buƙatar bitamin A domin ya girma. Wani abin lura shi ne, yawan shan ƙwayoyin bitamin A fiye da ƙima yana iya raunana ƙashi, amma karotin na kabewa ba ya jawo haka, domin jiki yana juya gwargwadon abin da yake buƙata ne kawai. Har wa yau, karotin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Ke nan haɗa kabewa da gyaɗa da man ja, kamar yadda ake yi a miyar taushe, dabara ce mai kyau.

Shi kuwa fotasiyam yana rage yawan kalsiyam ɗin da yake fita ta fitsari. Wani bincike da aka yi kan tsofaffi a garin Framingham na Amurka, wanda aka buga a shekarar 1999, ya nuna cewa waɗanda suka fi cin kayan lambu da 'ya'yan itatuwa da abinci mai fotasiyam da maganisiyam sun fi sauran ƙarfin ƙashi. A taƙaice dai, tsokar kabewa mataimakiya ce, amma ba a cikinta ne mafi yawan kayan ginin suke ba.

3.5 Amfanin 'Ya'yan Kabewa

Abin mamaki shi ne, ɓangaren da ake zubarwa ya fi wanda ake ci amfani ga ƙashi. A cikin giram 100 na busassun 'ya'yan kabewa da aka ɓare akwai:

(i) maganisiyam kimanin miligiram 590;
(ii) fosfaras fiye da miligiram 1,200;
(iii) zinki kusan miligiram 8;
(iv) furotin kimanin giram 30;
(v) mai kimanin giram 49;
(vi) kalsiyam miligiram 46.

Idan aka kwatanta, maganisiyam ɗin da ke cikin 'ya'yan ya ninka na tsokar kusan sau 50. Abinci kaɗan ne yake kamo su a wannan fanni. Cikin tafin hannu guda na ɓararrun 'ya'ya, wato kimanin giram 30, yana ba da maganisiyam wajen miligiram 175. Wannan ya zarce rabin abin da mace baliga take buƙata a yini. Daɗin daɗawa, yana ba da furotin giram 9 da zinki fiye da miligiram 2.

Muhimmancin wannan ga mutanen Dutsi ya fito fili ta fuska biyu. Ta farko, zinki da furotin an fi samun su a nama da ƙwai da kifi, waɗanda ba kowane gida yake iya saye kullum ba, alhali 'ya'yan kabewa ba a kashe ko kwabo wajen samun su. Ta biyu, gero da dawa suna da nasu maganisiyam, amma mafi yawansa a jikin dusa yake, saboda haka surfe da wanki da tankaɗe sukan tafi da wani kaso nasa. Farar shinkafa da taliya da fulawa, waɗanda suke ƙara shiga cimakar mutane, sun fi hatsin gida ƙarancinsa. Shi kuwa fosfaras, duk da yawansa a 'ya'yan kabewa, ba shi ne abin nema ba, domin mai cin hatsi da wake ba kasafai yake rasa shi ba.

Sai dai wajibi ne a tsaya inda hujja ta tsaya. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2014, wanda ya bi diddigin mata fiye da 73,000 da haila ta ɗauke musu, ya gano cewa masu samun isasshen maganisiyam sun fi ƙarfin ƙashi a ƙugu da sauran jiki, amma hakan bai rage yawan karaya a tsakaninsu ba. Wato ke nan maganisiyam ɗaya ne daga cikin kayan ginin, shi kaɗai ba ya tsai da gini.

3.6 Iyakar Amfanin Kabewa

Babban abin da kabewa ta gaza a kai shi ne kalsiyam, wanda shi ne jigon ginin ƙashi. Lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna haka. Kafin mutum ya samu miligiram 1,000 na kalsiyam daga tsokar kabewa, sai ya ci kusan kilo 5 a yini. Daga 'ya'yan kuwa sai ya ci fiye da kilo 2. Babu mai iya yin ko ɗaya daga ciki. Haka kuma kabewa ba ta da bitamin D.

Binciken da aka gudanar a garin Jos ya nuna girman wannan al'amari. A da, likitoci sun ɗauka cewa rashin bitamin D ne yake kawo laushin ƙashi a wurin yara, sai ga shi ana samun cutar a Nijeriya inda rana ba ta yankewa. Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun duba yara 123 masu wannan cuta, suka tarar kalsiyam ɗin da suke samu a abinci kimanin miligiram 200 ne kawai a yini, domin abincinsu hatsi ne ba tare da madara ba. Sai aka kasa su kashi uku: wasu aka yi musu allurar bitamin D, wasu aka ba su kalsiyam, wasu aka haɗa musu duka biyun. Bayan mako 24, kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka sami kalsiyam sun warke ko sun kusa warkewa, amma kashi 19 cikin 100 ne kawai daga waɗanda suka sami bitamin D zalla. An buga sakamakon a shekarar 1999. Daga baya, a shekarar 2015, masu binciken sun nuna cewa garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa shi ma yana warkar da cutar.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, yaron da aka yaye aka ɗora shi kan koko da tuwo zalla yana cikin haɗari, kuma ƙara masa kabewa kaɗai ba zai fitar da shi ba. Duk wanda ya ce kabewa maganin gwame ce ko maganin karaya ya faɗi abin da ba haka yake ba.

3.7 Hanyoyin Haɗa Kabewa da Sauran Abinci

Tun da kabewa tana da wasu kayan ginin ta rasa wasu, hanyar cin moriyarta ita ce a haɗa ta da abinci mai kalsiyam. An yi sa'a irin wannan abinci yana nan a ƙasar Dutsi:

(i) Nono: giram 100 yana da kalsiyam kimanin miligiram 120, kuma jiki yana karɓarsa cikin sauƙi.

(ii) Kuka: busasshen ganyenta yana da fiye da miligiram 1,000 a giram 100.

(iii) Riɗi da ba a surfe ba: kimanin miligiram 975, ko da yake ba dukansa jiki yake iya tsotsa ba.

(iv) Alayyafo da zogale: ɗanyen ganyen kowannensu yana da wajen miligiram 200.

(v) Ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu.

Idan aka lura, miyar taushe ta riga ta kama hanya, tun da akwai kabewa da gyaɗa da alayyafo da yakuwa a cikinta. Abin da ya rage shi ne a dawo da 'ya'yan cikin tukunya. Yadda ake yi kuwa shi ne, bayan an fasa kabewa sai a kwashe 'ya'yan a wanke, a shanya su a kan faifai ko tabarma har su bushe ƙayau. Daga nan sai a soya su sama-sama a kasko ba tare da mai ba, a ɓare, a daka a turmi. Ana iya zuba garin a miyar taushe ko ta kuka domin ta yi kauri, kamar yadda ake yi da agushi, ko a dama shi a kunun yara, ko a barbaɗa a kwaɗon zogale tare da ƙuli-ƙuli.

Akwai wani sinadari mai suna fayitet a cikin hatsi da 'ya'yan tsirrai, wanda yake riƙe zinki da kalsiyam ya hana hanji tsotsar su. Jiƙa 'ya'yan kabewa na tsawon dare kafin shanya yana rage shi, haka kuma tsima gero kafin a yi koko. Bugu da ƙari, ƙashi yana ƙara ƙarfi idan ana motsa jiki, sannan yara da tsofaffi da matan da ba su cika fita ba suna buƙatar su riƙa samun hasken rana, ko da a tsakar gida ne.

3.8 Abubuwan da Ya Kamata a Kiyaye

Hausawa sun ce abincin wani gubar wani. Masu ciwon ƙoda ba a son su yawaita abinci mai fotasiyam da fosfaras, don haka sai sun tuntuɓi likita kafin su riƙa cin 'ya'yan kabewa. Ba a ba ƙananan yara 'ya'yan a ɗunƙule, domin suna iya shaƙe su, sai dai a daka. 'Ya'yan da ba su bushe sosai ba sukan yi fumfuna, ita kuwa fumfuna tana iya haifar da guba mai cutar da hanta, kamar yadda ake samu a gyaɗar da ta lalace. Duk waɗanda suka canza launi ko wari sai a zubar. Haka nan kabewar da aka ji tana da ɗaci ba a cin ta. Yawan gishiri wajen suya shi ma yana rage amfanin, domin gishiri yana ƙara fitar kalsiyam ta fitsari.

Daga ƙarshe, abinci rigakafi ne. Yaron da ƙafarsa ta fara lanƙwasa, ko tsohon da ya karye, asibiti ya kamata a kai shi. Masu karaya mai tsanani daga wannan yanki akan tura su manyan asibitoci, har da Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, wanda aka kafa a shekarar 1959. Kuɗin mota da na jinya da kwanakin aikin da za a rasa sun isa su nuna cewa rigakafi ya fi magani.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ƙashi abu ne mai rai da yake buƙatar kayan gini iri-iri tun daga ƙuruciya har tsufa. An ga cewa tsokar kabewa tana ba da karotin da fotasiyam da ɗan bitamin C, su kuwa 'ya'yanta suna ba da maganisiyam da zinki da furotin masu yawa. An kuma ga cewa dukansu biyu suna da ƙarancin kalsiyam, wanda binciken Jos ya tabbatar da cewa rashinsa ne yake lanƙwasa ƙafafun yara da dama a Nijeriya. Saboda haka amfanin kabewa ga ƙashi yana cika ne idan an ci ta tare da nono da kuka da riɗi da ganye. Dukkan waɗannan ana samun su a gonaki da rugage da kasuwannin ƙasar Dutsi. Tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yara da matasa da mata masu ciki da masu shayarwa su ne suka fi cancanta a fara da su.